Gargaɗi ga masu fenti: ana damfara da sunan aikin tsakiyar teku

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan uwana masu fenti ne, musamman matasan da suka gaji da bin masu gidaje bashin kuɗin aiki, suke neman mafita. Akwai wasu mutane da ke shiga zaurukanmu na WhatsApp da Facebook suna cewa su ejan ne na kamfanonin mai, wai ana neman masu fenti da gaggawa a rijiyoyin mai na tsakiyar teku, albashi da dala, abinci da wurin kwana kyauta. Ƙarya ce. Sun cinye kuɗin ɗan yayata, yaron da ni na koya masa riƙe buroshi, kuma ban sani ba sai da aikin gama ya gama.

Ga yadda suka yi masa. Da farko kuɗin fom, kaɗan ne, bai kai kuɗin bokitin fenti ɗaya ba. Bayan kwana biyu aka turo masa takardar ɗaukar aiki ta waya, da tambarin wani babban kamfani da hatimi da sa hannu. Daga nan aka ce sai ya biya kuɗin gwajin lafiya, sai kuɗin satifiket, sai kuɗin kayan kariya, sai kuɗin kujera a jirgi mai saukar ungulu. Duk a asusun mutum guda yake turawa, ba asusun kamfani ba, kuma kullum ana ce masa gurbi biyu ya rage, in bai biya yau ba za a ba wani. Ya sayar da babur ɗinsa. Aka ce ya taho Fatakwal ranar Litinin za a tarbe shi a tasha. Ya kwana biyu a tashar, layin a kashe.

Da ya dawo na ce masa, “Me ya hana ka tambaye ni?” Ya ce, “Kawu, cewa suka yi kada in faɗa wa kowa, wai masu hassada za su ɓata min.” Wannan kalma ta fi kuɗin yi min ciwo, domin na yi shekaru ina aikin feshin ƙarfe a wata ma'aikata ta bakin ruwa kusa da tashar jiragen ruwa ta Onne a Jihar Ribas kafin in dawo gida, kuma da ya nuna min takardar nan da minti biyar ya ishe ni in gane.

Abin da ya fi tona asirinsu shi ne tambayar da ba sa yi. Ba wanda ya tambayi yaron nan ko ya taɓa riƙe bindigar feshi. Fentin teku wata sana'a ce daban da tamu ta gidaje, sunan ne kawai ɗaya. Mu bango muke ƙawatawa, su kuwa yaƙi suke yi da tsatsa, don iskar gishiri na cin ƙarfe dare da rana. Rabin aikin ma ba fenti ba ne, kankare ƙarfe ne: ana harba masa ɓarɓashi da iskar kwamfuresa har sai tsohon fenti da tsatsa sun fita ya koma kusan fari, matakin da ake kira Sa 2½. Fentin kansa kashi biyu ne da ake haɗawa bisa awo, yana da lokacin da zai daskare maka a bokiti in ka yi jinkiri. Ana fara shimfiɗa mai sinadarin zinki, a bi da ifoksi, a rufe da na sama, kuma kowane shafi sai sufeto ya zo da na'ura ya auna kaurinsa da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. In laimar iska ta haura kashi 85 cikin ɗari, ko zafin ƙarfen bai ɗara na saukar raɓa da digiri 3 ba, a ajiye bindiga, ba feshi ranar. Injin feshin nan kuma yana da ƙarfin da zai huda fata ya tura fenti cikin naman yatsa. To wane kamfani ne zai ɗauki wanda iyakarsa rola da emolshon, ba gwaji ba ganawa, ya ɗora shi a wuri irin filin haƙar mai na Bonga, da ke nisan kilomita 120 daga gaɓa?

Sai maganar satifiket, inda suka fi samun mutane, saboda sunayen da suke ambata na gaskiya ne. Akwai BOSIET, horon tsira da rai da OPITO, hukumar tsara horon ma'aikatan mai, ke kula da ingancinsa. Amma ba takarda ce da ake turowa ta waya ba. Kamar kwana uku ake yi, da jikinka: a sa ka cikin kwaikwayon jirgi mai saukar ungulu, a nutsar da shi a tafkin horo, a kifar da shi, ka kwance bel ka fito ta taga, a koya maka kashe gobara da fita daga hayaƙi da shiga kwalekwalen ceto. Satifiket ɗin shekara 4 yake yi a sabunta. Wanda bai jiƙe ba bai yi BOSIET ba, ko me aka buga masa a takarda. Sunan duk wanda ya yi na gaskiya yana cikin rumbun bayanan OPITO, kuma can kamfani zai duba. Gwajin lafiya ma likitan da aka amince da shi ne ke duba ka ido da ido.

Gaskiya ne wasu kan biya kuɗin horon daga aljihunsu. In za ka yi haka, ka duba jerin cibiyoyin da OPITO ta amince da su a shafinta na intanet, ka je da ƙafarka, ka biya a asusun cibiyar, ka karɓi rasit. Kuma ka sani satifiket ɗin ba ya ba da aiki. Na san mutanen da nasu ya ƙare a jaka ba su taɓa taka teku ba. Ni a ganina, wanda bai yi ko shekara ɗaya yana kankare ƙarfe da feshi a tudu ba, kada ya kashe kuɗinsa a kan BOSIET tukuna.

Hanyar da na ga mutane sun bi suka isa doguwa ce. Ana farawa da zama yaron aiki a ma'aikatun ƙera ƙarafa da gyaran jiragen ruwa na Fatakwal, Onne, Warri ko Legas, ko wajen 'yan kwangilar da ke fentin tankunan mai da gadoji. Ka ɗauki tiyo, ka cika tukunyar ɓarɓashi, ka haɗa fenti, sannu a hankali a ba ka bindiga. Mafi yawan masu fenti a teku ma'aikatan 'yan kwangila ne, kuma ɗan kwangila mutanen da ya ga aikinsu yake turawa. Kayan kariya da jirgin da zai kai ka duk nauyin kamfani ne, ba a sayar wa ma'aikaci kujera.

Kafin ka tura wa kowa ko sisi, ka nemi sunan kamfanin a rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista. Ka tambayi ejan ɗin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, domin doka ta wajabta wa masu samar wa mutane aiki su mallake shi. Ka ce za ka zo ofis da kanka. Hukumar NCDMB, mai kula da shigar 'yan Najeriya cikin harkar mai, tana da shafin intanet mai suna NOGIC JQS inda masu neman aiki a harkar mai ke shigar da bayanansu. In kuma aka ce aikin a Ƙatar ne ko Dubai, aka nemi ka miƙa fasfo ɗinka ga wanda ba ka san ofishinsa ba, ka tsaya nan.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa shi yin shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar, ya ajiye rasit da hotunan hirar da lambar asusun, ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC. Mu mun kai tamu, kuɗin dai bai dawo ba har yanzu. Yaron ya koma aiki tare da ni, muna tara masa na wani babur ɗin.

Makon jiya wani abokin sana'a ya turo min sanarwar iri ɗaya sak, da sabuwar lamba da sabon tambari, an canza albashin kawai. Ogannin da ke da yara a ƙarƙashinsu, don Allah ku zaunar da su ku karanta musu wannan, musamman waɗanda ba sa karatun boko.