Shayin yansun ko ruwan ORS: me za a ba jariri mai amai?

A gidajen Hausawa na Makka da Jidda, da jariri ya fara amai sai kaka ta ɗora yansun a wuta, wato 'ya'yan wani tsiro mai ƙamshi (anise) da ake dafa shayi da su. Ƙamshinsa na da daɗi, manya ma suna sha don kumburin ciki. Amma ba ya mayar da gishirin da amai ya fitar daga jiki, kuma yakan cika ɗan cikin har jaririn ya ƙi nono. Ƙasa da wata 6 kuwa, nono zalla ne abincinsa.

Mayar da abin da amai ya fitar, aikin ORS ke nan: ruwa, gishiri da sukari a ma'auni daidai. A haɗa yadda aka rubuta a jikin fakitin, a riƙa ba jaririn ƙaramin cokali ɗaya duk minti 1 zuwa 2. In ya amayar, a jira minti 10 a sake, a hankali. Kada a dakatar da shayarwa. A ba shi nonon kaɗan-kaɗan, sau da yawa. A zafin Makka jariri na bushewa da wuri, shi ya sa na fi yarda da ORS.

Amai kore, jini, maɗiga ta faɗa, ko fitsari ya ɗauke: asibiti nan take. Don shawara, a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya.