Star Wars: Squadrons, gem ɗin da sai ka koyi tuƙi kafin ya bar ka ka yi harbi

Na jima ina son in yi magana a kan gem ɗin nan, saboda duk wanda na ba shi labarinsa sai ya ɗauka irin na harbin nan ne da aka saba, ka saita ka danna ka wuce, alhali ba haka yake ba sam. A PS4 na fara buga shi da pad, daga baya na ci gaba a PS5 tunda yana hawa, kuma har yau in na samu sarari da daddare shi hannuna yake fara nema.

Ga wanda bai san shi ba, gem ne na yaƙin jirage a sararin samaniya a duniyar finafinan Star Wars, Motive Studios ne suka yi shi, wani reshen kamfanin gem na EA da ke Montreal a Kanada, ya fito ran 2 ga Oktoba 2020 a PS4 da Xbox One da kwamfuta a kan dala 39.99, wato ƙasa da yadda ake saida manyan gem a lokacin. Kuma babu zancen sai ka ƙara sa kuɗi a ciki, fenti ne ko hular matuƙi ko kayan gyaran jirgi, dukkansu da buga wasan ake samunsu. Wannan kam na yaba musu.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ba ka ganin jirginka daga waje. Kana zaune ne a kujerar matuƙi tun daga farko har ƙarshe, ba maɓallin da za ka danna kyamara ta koma baya, abin da gilashi ya nuna maka shi ke nan, sauran kuma sai dai ka karanta a mitocin da ke gabanka, rada a tsakiya, ga na gudu, ga na lafiyar jirgi, ga ɗan allon da ke nuna wanda ka saita da nisansa. In ka shiga jirgin da ake kira X-wing gilashin a buɗe yake kana ganin gefe da gefe, amma ka shiga TIE ka ga yadda duniya za ta tsuke maka, taga ɗaya ce zagayayya a gaba kamar kana leƙe ta bakin rijiya. Da farko abin ya takura min gaskiya, amma yanzu ba zan yarda a canza shi ba, don wannan takurar ce take sa gabanka ya faɗi in ƙararrawa ta fara kuka kai kuma ba ka ganin mai binka.

To yanzu ga inda gem ɗin yake. Jirginka wutarsa ɗaya ce kuma kashi uku ake raba ta, inji da bindiga da garkuwa, shuɗi da ja da kore a kan mita, kuma kai ne za ka dinga karkatar da ita da maɓallan kibiya na pad, hagu inji, sama bindiga, dama garkuwa, ƙasa kuma ya daidaita su. In ka tura ta duka wa inji za ka yi gudu har ka tara wani ƙarin ƙarfi da za ka fizga da shi, amma bindigarka sai ta dinga jan ƙafa wajen cika. In ka ba wa bindiga, harbinka zai yi zafi amma ka zama mai nauyi. In ka ba wa garkuwa za ta cika har ta ninka, ita ma kuma kana iya tattara ta gaba ko baya gwargwadon inda wuta take zuwa maka. Duk wannan fa cikin daƙiƙu ake yinsa, babban yatsanka na hagu ba ya hutawa, yana kan sandar totur yana sauka kan kibiya yana komawa.

Kwanakina na farko a tsakiya nake barin wutar ina ta bin mutane a guje, ana ta kakkaɓo ni ban san dalili ba. Ranar da abin ya shige ni ba zan manta ba, a filin Nadiri Dockyards ne, ina cikin A-wing wani TIE Interceptor ya manne min a baya, gilashina har ya tsage ta gefe ɗaya, ƙararrawar roket tana ta ƙara sauri, sai kawai na maida garkuwa baya, na ja totur zuwa rabi, don a rabin ne jirgi ya fi saurin juyawa kuma akwai alama a mitar da take nuna maka wurin, na kutsa tsakanin ƙarafan da ake ƙera jirgi a ciki, na jira sai da rokar ta matso sosai sannan na saki abin kautar da ita. Ina fitowa ta ɗaya gefen na maida wuta kan bindiga, sai ga shi ya wuce ta gabana yana nema na. Wallahi sai da na ajiye pad na share tafin hannuna. Tun ranar na daina kallonsa a matsayin gem ɗin harbi, tuƙi ne, harbin ladan tuƙin ne kawai.

Akwai kuma wata dabara ta zamiya, ka fizga da ƙarin ƙarfin nan sannan ka yanke inji ka juya hancin jirgi, jirgin yana ci gaba da sulalewa inda ya dosa kai kuma ka riga ka fuskanci baya kana harbi. Labarin gem ɗin yana koya maka ita sau ɗaya a gurguje ya wuce, amma a onlayin ita ce ta raba gwani da ɗan koyo. Ni ta ɗauke ni makonni kafin hannuna ya saba.

Jirage takwas aka fito da su, huɗu a kowane ɗaya daga ɓangarori biyun da ke yaƙi da juna. Sabuwar Jamhuriya suna da X-wing da A-wing da Y-wing da U-wing, Daula kuma TIE fighter da Interceptor da Bomber da Reaper, sai a Disamba 2020 aka ƙaro B-wing da TIE Defender kyauta. Abin da ya burge ni shi ne ba fenti kawai aka canza musu ba. Yawancin jiragen Daula ba su da garkuwa ko kaɗan, Reaper da Defender ne kawai suke da ita, a madadinta sai aka ba su damar kwashe wutar inji gaba ɗaya su zuba wa bindiga nan take, ko su yi akasin haka su tsere, don haka tuƙa TIE wani irin rayuwa ce ta kai hari ka ɓace kafin a waigo. A-wing gudu kamar iska amma ba ya jure duka. Y-wing nauyi gare shi kamar me, juya shi aiki ne, amma in ya isa kan babban jirgi da bama-bamansa sai dai a yi haƙuri. U-wing da Reaper kuwa su ne na taimako, su kai wa 'yan uwa gyara da makamai, su riƙe jirgin abokin gaba da igiyar maganaɗisu, su ɓoye tawaga daga rada, kuma su ne mutane suka fi gudu saboda ba a tara kisa da su, amma duk tawagar da ta samu mai tuƙa shi da kyau za ka ga bambanci.

Labarin kuwa, nan ne zan ɗan rage murya. Mishan 14 ne da gabatarwa, kana iya gama shi cikin awa takwas zuwa goma, ana yinsa bayan yaƙin Endor, wanda aka karya Daula a cikinsa a finafinan Star Wars, kana buga matuƙa biyu bi da bi, ɗaya a tawagar Vanguard ta Jamhuriya ɗaya a Titan ta Daula, ana rigima a kan wani sabon jirgin yaƙi da ake kira Starhawk. Tushensa mai kyau ne, Lindon Javes ya bar Daula ya koma ɗaya ɓangaren, ita kuma Terisa Kerrill da ta yi aiki a ƙarƙashinsa ta riƙe abin a zuciya tana neman ramuwa. Amma yadda aka ba da shi ne bai gamsar da ni ba. Tsakanin mishan da mishan kana tsaye ne wuri ɗaya a garejin jirage, ba ka tafiya sai dai ka juya ka danna kan mutum, shi kuma ya tsaya ya yi ta zuba maka tarihin rayuwarsa kai ba ka cewa uffan. Mutane irin su Shen, matuƙin Titan ɗin nan da ya sha faɗuwa da jirgi har ba ya cire hularsa, sun cancanci fiye da haka. Sanannun jaruman Star Wars irin su Wedge Antilles da Hera Syndulla sun leƙo, an ji daɗin ganinsu, shi ke nan. Ni dai na ɗauki labarin a matsayin makarantar tuƙi mai kyawun gani, kuma a hakan ya yi aikinsa, don sai da ya zaunar da ni a kowane jirgi.

Onlayin kashi biyu ne, duka biyar da biyar, kuma mai PlayStation yana haɗuwa da mai Xbox da mai kwamfuta. Dogfight ba wani bayani, ku kakkaɓo juna kawai. Fleet Battles shi ne zuciyar gem ɗin kuma saboda shi nake wannan dogon rubutu. Ana farawa da artabu a tsakiyar fili, akwai wani ma'aunin ƙwarin gwiwa a saman allo, duk jirgin da kuka harbo yana matsa shi wajenku, duk wanda aka harbo muku yana maida shi baya, in ya cika sai ku tura gaba ku far wa matsakaitan jiragensu guda biyu, in kun gama da su sai uwar gayya, Star Destroyer in kuna Jamhuriya, MC75 in kuna Daula. In ma'aunin ya juye kuma ku ne za ku koma gida da gudu ku tare. Haka ake ta yi kamar jan igiya, wasa ɗaya ya kai rabin awa ba ka sani ba.

Kuma ba a far wa Star Destroyer da ka, zai narkar da kai kafin ƙiftawa da bismillah. Sai ka jira ɗan jirgin rakiya da yake zuwa muku ya ja hankalin bindigoginsa, ka tara garkuwa a gaba, ka shige ƙarƙashin tasa garkuwar, sannan ka zaɓi abin da za ka lalata, tulunan nan biyu da ke saman hasumiyarsa masu ba shi garkuwa, ko na'urar saitin bindigoginsa, ko ta wutarsa. Ranar da na fara bin bayansa dab da ƙarfe, koren harbi yana wucewa ta kowane gefe, ina kallon hasumiyar tana girma a gilashi har na fasa tulu ɗaya na zame ta gefen injinansa da ɗan guntun rai na koma wajen namu jirgin aka yi min gyara, na gane me ya sa mutane suke maƙale da gem ɗin nan shekara da shekaru. A nan kuma za ka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutum biyar da ke magana da juna za su yi raga-raga da gwanaye biyar da kowa ke harkar gabansa.

Inda ya gaza, ƙarami ne. Filaye shida aka fara da su, aka ƙaro Fostar Haven daga baya, sai damar shirya wasa naku na kanku, daga nan ƙari ya tsaya, kuma tun farko ba su ɓoye cewa haka suka tsara shi ba. Filayen suna da kyau, Yavin Prime da gajimarensa ja ba inda za ka ɓuya, Galitan da ɓaraguzan duwatsu masu aman wuta, amma bakwai bakwai ne, za ka haddace su. Sannan gem ne na 2020, waɗanda suka rage a onlayin yawanci tsofaffin hannu ne da suka iya zamiyar nan kamar ba gobe, sabon shiga zai sha wuya a hannunsu, wannan gaskiya ce da ya kamata ka sani kafin ka saya. Abin da ya cece shi a wajena shi ne ana buga Fleet Battles da kwamfuta, kai kaɗai ko da abokai, kuma yana da daɗinsa sosai.

In kana da gilashin PSVR na farko, wato na'urar PlayStation da ake sawa a ido ka ji kamar kana cikin gem ɗin, gem ɗin gaba ɗaya yana yi da shi, ka juya kai ka bi jirgi da ido ta saman gilashi, sai dai na biyun da aka yi wa PS5 ba ya ɗaukarsa, a kula. Yana kuma karɓar sandar tuƙi irin ta jirgin sama a konsol, amma pad ya wadatar, ni da shi nake yi.

Wanda yake son dogon labari ko yawo daga duniya zuwa duniya, wannan ba nasa ba ne. Wanda kuma yake son ya ji jirgi a hannunsa, ya saya, ya gama labarin tukuna a matakin Pilot, ya shiga filin gwaji ya yi ta maimaita rabin totur da zamiya har yatsunsa su daina tambayarsa, ya buga Fleet Battles da kwamfuta sau da yawa, kuma in ya ji sandunan pad ɗin sun yi masa bambaraƙwai ya shiga saiti ya musanya su, ni sai da na maida mirginawa kan sandar dama kafin jirgin ya fara jin maganata.