Aikin kamasho zalla a wani kamfanin fitilun sola na Garwa

Kamfanin da nake so in yi bayani a kansa yana da ofis a cikin garin Garwa da ke arewacin Kamaru, yana sayar da fitilun sola da ƙananan na'urorin da ke kunna ƙwai uku ko huɗu tare da cajin waya, kuma yana ɗaukar matasa su zagaya ƙauyuka da kasuwanni suna tallar kayan ba tare da albashi ba, sai dai kamasho a kan abin da mutum ya sayar. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ba shi kaɗai ke bin wannan tsari ba, kuma tsarin ne ya fi damuna. Na yi masa aikin wakilci tun daga kaka har zuwa tsakiyar damina, saboda haka na ga lokacin da kuɗi ke hannun mutane, na kuma ga lokacin da babu.

Kayan da kamfanin ke sayarwa masu kyau ne, kuma wajibi ne in fara da wannan, domin wanda zai rayu a kan kamasho ba shi da wani jari da ya wuce ingancin abin da yake ɗauke da shi. Batirin yana riƙe wuta har asuba, kuma idan na'ura ta samu matsala a cikin wa'adin garanti ana canza ta ba tare da ja-in-ja ba. Bukata kuwa ba a magana. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, ita ce ta daɗe tana ɗauke da nauyin arewacin Kamaru, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya muna gani a jikinmu a watannin zafi. Ƙauyuka da yawa kuma ko turken lantarki bai taɓa isa gare su ba. Wakili ba ya shan wahalar fahimtar da manomi amfanin haske. Wahalarsa tana wani wuri dabam.

Shiga aikin ba wuya. Ba a tambayar takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, balle bakaloriya ta kammala babbar sakandare. Katin shaidar ɗan ƙasa, da babbar waya, da mutum guda da zai tsaya maka sun wadatar. Abin da ake aunawa shi ne bakinka: ko kana jin Fulatanci, wanda shi ne harshen ciniki a yawancin kasuwanninmu, ko kana iya juyawa zuwa Hausa da Faransanci idan hali ya kama, ko kana da haƙurin zama a kan tabarma a gaisa, a sake gaisawa, kafin a zo kan magana. A garin da matasa masu takardu ke zaune suna jiran gasar shiga aikin gwamnati shekara da shekaru, ƙofar da ke buɗe haka abin yabo ce, kuma ban ga an fifita ɗan wani a kan ɗan wani ba. Mata ma sun samu wuri, har wasu daga cikinsu sun fi maza ciniki, saboda suna shiga cikin gida su zauna da matan aure, inda namiji zai tsaya a zaure.

Ga yadda biyan yake. Mai saye yana ba da kuɗin farko, ya tafi da na'urar, sannan ya ci gaba da biyan sauran mako-mako ta Orange Money ko MTN Mobile Money. Duk lokacin da ya biya ana aiko masa da lambobi a waya, ya danna su a jikin na'urar ta ci gaba da aiki, idan kuma ya daina biya sai ta kulle kanta. A kan na'urar da ta fi tafiya, wakili yana da sefa 3,000. Amma ba a ba shi duka nan take: rabi yana shiga bayan an biya kuɗin farko, rabi kuma sai mai saye ya yi wasu watanni yana biya ba fashi. Idan ya tsaya tun a farkon tafiya, rabin da aka riga aka ba wakili ma ana cire shi daga kamashonsa na gaba. An karanta mana wannan sharaɗi a ranar horo, ba a ɓoye shi ba, sai dai wanda yake ɗokin fara aiki ba ya gane nauyinsa sai ya iso kansa.

Lissafin a bayyane yake ga duk wanda ya zauna ya yi shi. Tun watan Maris na 2023, mafi ƙarancin albashi a Kamaru ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata. Kafin wakili ya kai wannan adadi sai ya sayar da na'ura 20 a wata, kuma sai dukkan masu sayen sun cika alkawari. Wannan tun ba a cire kuɗin hanya ba ke nan, domin babur naka ne, mai naka ne, katin waya naka ne, facin taya da abincin rana duk naka ne. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a watan Fabrairu na 2023, sannan ta koma 840 a Fabrairun 2024, kuma zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda muke dogara da shi a gefen titi, ya yi tsada tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Wanda aka ba yankin Pitowa, da ke nan kusa, yana iya jurewa. Wanda rabonsa ya faɗa wajen Gidar, mai nisan kimanin kilomita 100, yakan dawo wata rana da ciniki guda, alhali kuɗin man da ya ƙona ya zarce kamashon da ya samu, kuma ba wanda zai tambaye shi yadda ya kwana.

Duk da haka, akwai watannin da aikin ke da daɗi ƙwarai, kuma rashin adalci ne a ɓoye su. Idan aka girbe masara da gyaɗa, musamman kuma idan SODECOTON, kamfanin da ke sayen auduga daga manoma, ta fara biyan kuɗin auduga a cikin rani, ƙauye yakan canza kama. A irin wannan lokaci kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi kaɗai tana iya fitar wa wakili da abin da ma'aikacin shago ba ya samu a mako, kuma ba wanda zai ce masa ya isa haka. Wannan shi ne babban abin da kamasho ya fi albashi da shi: ƙoƙarinka yana komawa aljihunka, ba ya narkewa a cikin na malalacin da kuke zaune a benci ɗaya. Kamfanin kuma, a nan na yaba masa, yana biya a ranar da ya faɗa, kuma kowane wakili yana ganin lissafinsa a waya dalla-dalla.

Matsalar ita ce damina tana zuwa da abubuwa biyu a lokaci guda. A watan Agusta manomi ya zuba abin da ke hannunsa a taki da maganin ciyawa, rumbu ya yi ƙasa, rafuka sun yanke hanyoyi, saboda haka sabon ciniki ya tsaya. A daidai wannan lokaci ne kuma waɗanda suka saya a rani suke kasa biya, sai yankan kamasho ya fara. Na ga wakilan da suka yi wata cur suna yawo a cikin taɓo, amma da ƙarshen wata ya zo sai ya zama kamfani ne ke bin su bashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wannan tsari ke gwada gaskiyar mutum. Wata ranar kasuwa a Ngong wani dattijo ya tsaya a gaban teburina, ya daɗe yana juya na'urar a hannunsa, sannan ya ce, "Ɗana, idan audugar bana ba ta yi ba fa, me zai faru da abin da na riga na biya?" Na ce masa, "Baba, fitilar za ta kulle har sai ka ci gaba da biya, kuma idan aka daɗe ana iya zuwa a karɓe ta." Ya yi godiya, ya ajiye, ya tafi. Amsa ta gaskiya ke nan, kuma ita ce ta hana ni ciniki a ranar. Na san akwai waɗanda a irin wannan wuri za su ce, "Baba, kada ka damu, ba abin da zai faru," kuma ba don mugayen mutane ba ne, sai don an bar gida babu cefane. Bayan wata biyu sai ka ga mai saye ya zo kasuwa da na'ura a cikin buhu, ɗan jan haske yana ƙyaftawa a jikinta, yana cigiyar yaron da ya sayar masa. Kamfani yana Garwa. Wakili ne ɗan gari, shi ne aka san gidan ubansa, kuma mutuncinsa ne ke zubewa.

Shugabannin ofis suna son kwatanta aikin da dillanci, kuma kwatancen bai cika ba. Dillalin shanu a kasuwar Adumri yana karɓar la'adarsa da zarar an ce Allah ya sa albarka. Idan sa ya kwanta ciwo bayan wata guda ba wanda zai zo ya ce ya mayar da ita, kuma yana da ikon ya yi hulɗa da duk mai dabbar da ya ga dama, ya zo lokacin da ya so. Wakilin kamfanin nan kuwa dole ne ya halarci taron safe, ya sa rigar kamfani, ya cika adadin da aka yanka masa, ya tsaya a yankin da aka ba shi, kuma an hana shi taɓa kayan wani kamfani. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 tana ɗaukar mutum a matsayin ma'aikaci ne idan yana aiki don lada a ƙarƙashin umarni da ikon wani, kuma a ganina wanda ake juyawa haka ya fi kusa da ma'aikaci. Amma da wani abokin aikinmu ya faɗi da babur a kan hanyar Lagdo ya karya hannu, muka je wurin shugaban ofis muka ce, "Yallabai, ko kamfani zai taimaka da kuɗin asibiti?" sai ya ce, "Malamai, ku yi haƙuri, a takarda ku abokan kasuwanci ne, ba ma'aikata ba." Ya ciro wani abu daga aljihunsa ya bayar, kuma mun gode masa, amma kyautar mutum guda ba ta maye gurbin rajista a CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Tun 2014 masu sana'ar kansu suna iya shiga tsarin fansho na CNPS bisa son ransu su riƙa zuba kuɗi, sai dai wanda bai san abin da zai samu a wata mai zuwa ba da wuya ya ɗauki wannan alkawari.

Saboda haka, ga wanda yake da babur nasa, yana jin harsunan yankin, kuma yana da wata sana'a ko gona da zai jingina da ita, ina ganin aikin ya cancanci a gwada, musamman daga kaka zuwa ƙarshen rani, domin zai koyi ciniki, ya san mutane, ya iya riƙe lissafi, kuma waɗannan abubuwa za su amfane shi ranar da ya buɗe shagon kansa. Magidancin da ke biyan haya da kuɗin makarantar yara kuwa, ba zan ba shi shawarar ya saki abin da ke hannunsa saboda wannan ba. Duk wanda ya yanke shawarar shiga, ya nemi a rubuta masa a takarda tsawon lokacin da kamfani ke da ikon yanke kamashon da ya riga ya biya, da iyakar yankinsa, da abin da zai faru da rabin kamashon da bai nuna ba idan ya bar aikin, domin mu da muka bari a tsakiyar damina ba mu sake jin labarin namu ba. Shi kuma kamfanin, da zai ware ɗan kuɗin mai ga masu zuwa nesa, ya kuma daina yankan kamasho a watannin Yuli da Agusta, da ya riƙe wakilan da mutanen ƙauye suka riga suka amince da su, maimakon ya riƙa horar da sababbi duk bayan damina.