The Dude ko PRTG, wanne zai fi yi wa mai wifi zon aiki a Tawa?

Ƙanena, ka ce in zaɓa maka tsakanin manhajojin The Dude da PRTG don sa ido a kan wifi zon ɗinka da ɗakin wasan yaran nan. Ɗauki The Dude. Tunda rutarka MikroTik ce, zancen ba shi da tsawo.

Shi nake aiki da shi a kan rutar MikroTik mai suna hEX RB750Gr3. Kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya ne ya yi shi, kyauta yake, kuma a cikin rutar kanta yake zaune. Wannan ne babban dalilina. Batirin da ke riƙe da ruta idan an ɗauke wuta shi ke riƙe da mai gadin, wato Dude, ba sai ka ajiye wata kwamfuta tana cin wuta dare da rana ba. Yana zana maka taswirar duk na'urorinka: kore lafiya lau, ruwan lemo wani abu ya fara ciwo, ja kuwa ta faɗi.

Akwai wata eriya tawa ta wajen tasha da ta taɓa hana ni sakat a zafin Afrilu. Masu sayen tike suna ta kira, wai rezo ya tafi, in na isa wurin kuma in tarar da komai daidai. Da na buɗe tarihin da Dude ya ajiye sai na ga kullum bayan azahar take yin ja, la'asar sakaliya ta dawo kore da kanta. Na hau na duba, ashe ƴar adaftar da ke tura mata wuta ta cikin waya ce ke maƙale a ƙarƙashin kwanon rufi, ko taɓa ta ba ka iyawa don zafi. Na sauko da ita inuwa, magana ta ƙare. Wallahi ba don wannan tarihin ba da sabuwar eriya zan saya.

PRTG ba shi da laifi, na Jamusawa ne, kuma zanensa ya fi kyau. Amma sai da kwamfuta mai Windows a kunne kullum, kuma na kyautar iyakarsa sensa 100, wato abubuwa ɗari da zai riƙa aunawa. Ping ɗaya, wato ɗan saƙon da ake tura wa na'ura a ga ko za ta amsa, sensa ne, kowace ƙofar ruta da kake aunawa sensa ce, kafin ka ankara sun ƙare a kan na'urori kamar goma. Na ofis ne mai sanyi da janareto.

Wajen saitawa ga inda mutane ke tuntuɓe. Ka sauko da fakitin dude wanda lambarsa ta yi daidai da RouterOS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da rutarka, ka jefa shi cikin Files, ka sake kunna ta. Ma'ajiyar hEX megabait 16 ce kacal, don haka ka sa katin microSD ko filas, ka nuna masa can zai riƙa zuba bayanansa. Manhajar kallon taswirar kuwa ta Windows ce, amma lokacin da kake son dubawa kawai za ka buɗe ta. Idan ka zo Discover, inda Dude ke nemo na'urori da kansa, ka ba shi adireshin na'urorinka kaɗai, misali 192.168.88.0/24 in ba ka canza na asali ba. Kada ka haɗa da adireshin masu tike, in ba haka ba wayar kowane mai shayi sai ta fito a taswira, gobe ka tashi ka ga ja ko'ina. Ka kunna SNMP, hanyar da na'ura ke ba Dude rahoton kanta, a kowace eriya don ka ga abin da ke ratsa ta, ka kuma cire kalmar shiga ta public da take zuwa da ita ka sa taka. Sannan ka nuna masa wace na'ura ce uwar wace, don in babbar eriya ta faɗi ya faɗa maka ita ce, kada ya cika ka da ƙarar ƴaƴanta.

Game da yaran da ke kukan wasansu na harbe-harbe a sararin samaniya yana sarƙewa: irin wasan nan da jirgi ke shawagi babu nauyi, in ka tura shi sai ya ci gaba da tafiya har sai ka taka masa birki, jinkiri kaɗan ya isa ya ɓata musu saiti. Ba yawan mega ne damuwarsa ba, saurin amsa ne. Ka sa Dude ya riƙa ping ɗin rutar ɗakin da kuma wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8. In na cikin gida ne ke hawa, matsalar taka ce, waya ko eriya ko wani mai saukar da fim. In na waje ne kaɗai, daga mai ba ka intanet ne.

Abu guda da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Ka yi hattara da masu sayar da kaya, na nan da waɗanda ke aiko da su daga Yamai cikin mota. Wani zai miƙa maka ƙaramar rutar hAP lite ya rantse tana ɗaukar Dude, alhali ba ta ɗauka. Wani zai karɓi jikkunanka wai kuɗin lasisi, abin da yake kyauta. Akwai mai goge tsohuwa ya sa a kwali. Mafi muni shi ne mai saita maka ruta ya bar wa kansa asusun shiga a ɓoye, yana buga tike yana sayarwa a bayanka. Kafin ka biya, a buɗe Winbox, manhajar saita MikroTik, a gabanka, ka duba System, Resources ka ga sunan na'urar da tsarinta, ka duba Users ka goge duk sunan da ba naka ba.

Aibin Dude shi ne in rutar da yake ciki ta mutu, shi ma ya mutu da ita, babu mai sanar da kai. In kana da hali ka saya masa hEX tasa daban, ka haɗa ta da batiri. Turo mani hoton shafin Resources na rutarka in gaya maka fakitin da za ka sauko da shi.