Kamfanin kai saƙo mai sauri, amma yana barin kayan mutane a bakin ƙofa

Kamfanonin kai saƙo da babur sun yawaita a Kumasi cikin 'yan shekarun nan, kuma mu masu ƙananan sana'o'i a unguwannin zango muna cikin waɗanda suka fi dogara da su. Ni tela ne a Aboabo, ina ɗinkin kayan maza da na biki, kuma akwai wani kamfani da na daɗe ina ba shi aiki iri biyu: ya ɗauko mini yadi daga wurin dillalan Alabar da Kejetia, sannan ya kai wa masu ɗinki kayansu idan na gama. A kansa nake wannan rubutu, domin abokan sana'a da dama sun tambaye ni ko ya cancanci a danƙa masa kaya masu tsada.

Abin yabonsa ba ya buƙatar dogon bayani. Yaransu suna da sauri, suna ratsa cunkoson Kejetia da Adum a lokacin da motar haya za ta daɗe a tsaye wuri ɗaya, kuɗin da suke karɓa bai wuce ƙima ba, ana iya biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma akwatin da ke bayan baburansu yana da makulli, saboda haka shadda ko leshi ba sa shan ƙura a hanya. Mafi yawan yaran suna da ladabi, suna gaishe da manya yadda ya kamata.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da babur ya tsaya a ƙofar gida. Al'adar da wannan kamfani ya bari ta yi jijiya a tsakanin yaransa ita ce: mai kawo saƙo ya buga waya sau ɗaya, idan ba a ɗauka ba ya ajiye kayan a duk inda ya ga fili, ya ɗauki hoto, ya tura ta WhatsApp da cewa an isar, ya buga babur ya wuce. Na ga haka da idona wata Juma'a da na dawo daga masallaci, na tarar da ledar shadda ta wani ango a kan dakalin zaurenmu, kusa da bokitin mai sayar da koko, sunana da lambar wayata a rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta, yara suna ta shige da fice a gefenta. Wayata tana kashe a lokacin huɗuba, kamar ta kowane mai hankali. Duk wanda yake aiki a Aboabo ko Asawase ya san cewa tsakar ranar Juma'a ba lokacin samun magidanta a gida ba ne, kuma kamfanin da yake cin abinci a cikin waɗannan unguwanni bai kamata a koya masa wannan ba.

Wanda bai zauna a zango ba zai iya ɗaukan abin da sauƙi, domin yana tunanin gida mai katanga da ƙofa a rufe da maigadi a zaune. Gidajenmu ba haka suke ba. Gida ɗaya yana ɗauke da iyalai masu yawa, kowa da ɗakinsa na haya, ƙofar waje a buɗe take tun asuba har bayan sallar isha'i, masu talla da almajirai da baƙi da masu neman hanya ta lungu duk suna ratsawa. Tsarin adireshi na GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a shekarar 2017 ya raba ƙasar nan yanki-yanki, kowane yanki mita 5 tsawo da mita 5 faɗi, kuma ya taimaka ƙwarai wajen kawo mai babur har bakin ƙofa ba tare da dogon kwatance ba. Amma lambar adireshi ba ta san ɗakin wane ne na uku daga hagu ba, ba ta kuma san wanda ya yi tafiya da wanda yake gida ba. Sauran aikin na ɗan Adam ne, wato ya sauka, ya yi sallama, ya tambayi mai saƙo, ya miƙa masa hannu da hannu. Wannan ɗan guntun aiki shi ne kamfanin yake tsallakewa, alhali saboda shi ake biyan kuɗin.

Wancan karo Allah ya tsare. Wanda bai zo da sauƙi ba shi ne na wata baiwar Allah a Tafo da na ɗinka wa 'ya'yanta kayan anko na bikin ƙanwarta. Na aika da kayan kwana kaɗan kafin ɗaurin aure, na biya kuɗin kaiwa tun daga shago, hoto ya shigo wayata yana nuna leda a jingine da bangon wani gida, sai da yamma ta kira ni tana cewa, “Malam, har yanzu ban ga saƙo ba.” Da aka matsa wa yaron da ya kai, sai ya ce ya bar wa wani saurayi da ya tarar a ƙofa, wanda ya ce ya san ta. Bai tambayi sunansa ba, bai karɓi lambar wayarsa ba. Har yau ba a ga kayan ba. Na sayi wani yadin da kuɗina, na kwana a kan keke domin kada yara su je biki da tsofaffin kaya.

Asarar kuɗi ana iya mayar da ita, amma akwai ɓarnar da ta fi wannan, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Idan kaya suka ɓata a gidan haya, zargi ba ya bin kamfani zuwa ofishinsa, a cikin gidan yake zama. Matar nan ta faɗa mini cewa an yi kwanaki ana kallon-kallo tsakaninta da maƙwabciyarta, saboda ɗan maƙwabciyar ne aka gani a waje a wannan lokaci, kuma yaron ya rantse har da kuka cewa bai ga komai ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ɗora shi a kan yaron da wataƙila bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutanen da suke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, suke renon 'ya'yan juna, sakacin wani baƙo na minti biyu ya jefa gaba a tsakaninsu.

Da na kai ƙorafi ofishinsu, an karɓe ni da fara'a, amma amsar ba ta gamsar da ni ba. Sun nuna mini hoton a matsayin shaidar cewa an isar, ni kuwa abin da na gani a hoton shi ne shaidar cewa an bar kaya babu kowa a kansu. Daga ƙarshe kuɗin kaiwa kawai suka mayar mini, suka ce ban bayyana darajar kayan ba lokacin da na ba da su, alhali babu wanda ya tambaye ni, babu kuma gurbin rubuta hakan a rasit ɗinsu. Ya kamata masu sana'a su sani cewa akwai hukumar gwamnati da ke kula da ayyukan gidan waya da kamfanonin kai saƙo, wadda aka kafa bisa doka mai lamba 649 ta shekarar 2003. Ita ce take ba su lasisi, tana kuma karɓar koke daga jama'a. Kafin ka ba kowane kamfani kayanka, ka tambaye shi ko yana da wannan lasisi, ka kuma adana rasit da saƙonnin waya.

Ba na ɗora laifin duka a kan yaran. Ɗaya daga cikinsu, wanda muka saba, ya ce mini, “Baba, ana biyanmu ne bisa yawan saƙon da muka kai, idan na tsaya jira a gida ɗaya na rasa biyu.” Na kuma lura da wani abu da ya gaskata maganarsa: idan an shirya cewa mai karɓa ne zai biya kuɗin kaiwa, ba a taɓa barin kaya a ƙofa, yaro zai yi ta kira har sai an fito. Sai wanda aka riga aka biya ta MoMo ne ake yasarwa. Ashe ke nan jiran ba gagara ya yi ba, tsarin biyan ne bai ba shi daraja ba, kuma gyaran wannan yana hannun masu kamfani.

Gyaran ma ba sabon abu ba ne a garin nan. Wanda aka taɓa aiko wa da saƙo daga Accra ta motocin da ke sauka a tashar Asafo ya san cewa kayan suna zama a ofishin ajiya har sai mai su ya zo ya tabbatar da sunansa da lambar wayarsa kafin a miƙa masa. Kamfanin babur zai iya tura wa mai karɓa lambar sirri ta waya, wadda sai an faɗa wa yaro ita zai saki kaya. Idan ba a samu mutum ba, a koma da saƙon ofis, ko a bar shi wurin wanda mai saƙon ya ambata da bakinsa, kamar mai shagon da ke kusa, a rubuta sunansa. Da yardar raina zan ƙara 'yan sidi a kan kuɗin dawowa karo na biyu.

A halin yanzu ina ci gaba da amfani da su wajen ɗauko zare da maɓalli da yadin da za a kawo shagona, inda koyaushe akwai yaro a zaune. Kayan biki da shadda mai tsada kuwa na daina ba su, sai dai idan mai karɓa ya yarda shi zai biya kuɗin kaiwa a hannu, kuma na kira shi na tabbatar yana gida kafin babur ya tashi. Idan hakan bai samu ba, almajirina nake sa wa kuɗin mota ya kai da kansa.