Na Saurari Albam Ɗin Gogol Bordello Na 2005, Ga Abin Da Na Gani

Duk mai son ya ji kiɗan ƙungiyar mawaƙa ta Gogol Bordello, shawarata ita ce ya fara da Gypsy Punks: Underdog World Strike, albam ɗin da suka fitar a 2005. Na sayi kwafinsa a intanet, na saurare shi a mota da kuma a ɗaki da abin sawa a kunne, daga baya na bi sauran ayyukansu. Har yanzu ban ji wanda ya kamo ƙafarsa ba.

Ƙungiyar ta 'yan ci-rani ce, an kafa ta a unguwar Lower East Side da ke birnin New York a 1999. Jagoranta Eugene Hütz an haife shi a 1972 a Boyarka, kusa da Kiyef ta ƙasar Yukiren. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986 iyalinsa suka tashi daga yankin, daga bisani suka bar ƙasar baki ɗaya, suka yi zaman gudun hijira a Foland da Hungari da Ostiriya da Italiya kafin su sauka a jihar Vermont ta Amurka. Duk wannan yawo yana cikin muryarsa. Turancinsa a karye yake, bai kuma damu ya gyara shi ba, yana cikin baiti sai ya zame zuwa Rashanci ko harshen ƙabilar Roma (waɗanda Turawa ke kira Gypsy), mutanen da yake da jininsu ta wajen kakarsa.

Abin da ya fi kama ni shi ne wurin da suka ajiye kayan kiɗan gargajiya. Sau da yawa idan aka ce an haɗa kiɗan gida da na zamani, sai ka tarar jita da ganguna ne ke jan ragama, kayan gargajiya kuwa an ɗan yayyafa su ne don ado. A nan Sergey Ryabtsev mai gogen Turawa da Yuri Lemeshev mai akodiyon (abin kiɗa mai maɓallai da ake matsawa ana ja kamar zugazugi), dukansu daga Rasha, su ne a gaba. Jitar lantarki ta Oren Kaplan, mutumin Isra'ila, da gangunan pank (salon kiɗan Turawa mai zafi da hayaniya) masu gudu suna ingiza su ne daga baya. Wanda ya taɓa zama wurin da mai goge ya ɗauki zafi, yana ta ƙara sauri har 'yan rawa su fara haki, zai gane abin da Ryabtsev ke yi tun daga waƙar farko. Akwai inda komai ke lafawa, ya rage akodiyon kaɗai yana jan numfashi, har kana jin ƙarar yatsu a kan maɓallansa, sai kwatsam duk su rufto tare da ihu. Wallahi tsigar jikina ta tashi a irin waɗannan wurare.

Steve Albini ne ya ɗauki sautin, mutumin Chicago da aka sani da barin mawaƙa su yi kiɗansu yadda suke yi a dandali, ba tare da goge-goge da kwamfuta ba. Ya rasu a 2024. Aikinsa ya dace da su sosai, domin ka kan ji tamkar kana tsaye a cikin ɗakin.

Saƙon waƙoƙin ma ya burge ni. Maganar takardun zama da iyakoki da raini da talauci ce, amma babu roƙon a tausaya musu. Baƙi ne da suka zo da al'adarsu, suna buga ta da ƙarfi a tsakiyar garin wasu, kansu a sama.

Yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba. Waƙoƙi 15 ne, wajen awa guda, kuma kusan duka a guje suke, don haka kafin a kai ƙarshe kunne ya gaji, wasu waƙoƙin ma sai su fara yi maka kama da juna. Sannan akwai ashar da zancen barasa a wurare da dama. Ba abin kunnawa a gaban yara ko iyaye ba ne.

Game da sauran kuwa, Super Taranta! na 2007 ya yi kusa da shi, kuma a nan ne Thomas Gobena ɗan Habasha ya kawo nauyin jitar bes mai ɗanɗanon rege. A shekarar ne Hütz da Ryabtsev suka hau dandali da mawaƙiya Madonna a taron kiɗa na Live Earth a Landan. Trans-Continental Hustle na 2010, wanda Rick Rubin ya shirya lokacin da Hütz ke zaune a Birazil, ya fi tsabtar sauti da sauƙin shiga kunne, amma a ganina an rage masa wuta. Solidaritine na 2022, da ya fito 'yan watanni bayan Rasha ta kai wa Yukiren mamaya, ya dawo da zafin, sai dai wannan karon fushi ya fi raha yawa.

Idan za ka saurari na 2005, ka nemi lasifika mai kyau ko abin kunne mai ɗaukar sauti, domin lasifikar waya tana cinye akodiyon ɗin gaba ɗaya. Ka kuma raba shi kashi biyu.