Wuraren sakin kare a San Diego: wanne ya fi, wanne suna ne kawai

Jama'a wannan rubutun na waɗanda ke zaune a San Diego ne ko masu shirin zuwa, musamman 'yan uwa da ke aikin yawo da karnukan mutane ana biyansu ta manhaja, don na san muna da yawa kawai dai ba kowa ke son a sani a gida ba. Ni tsohuwar da nake haya a gidanta ƙafa ta hana ta fita, to ni nake fitar mata da karyarta ta rage min kuɗin haya, daga nan maƙwabta suka fara ba ni nasu. Masu tambayar hukunci don Allah a je wajen malamai, ni dai abin da na taso na sani a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, kwanon da ya sa baki ne ake wankewa sau bakwai, kuma ina da kayan da na ware na wannan aikin daban da na sallah. Shi ke nan, mu wuce.

Abu na farko da sabon zuwa bai sani ba, a garin nan ba ka isa ka kwance wa kare igiya a inda ka ga dama ba, ko da filin fayau yake ba kowa. A yawancin bakin tekun da ke hannun hukumar birni ma ba a shiga da kare sam daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba, sauran watannin kuma daga 9 zuwa 4, in ka wuce waɗannan awannin ma sai da igiya a wuya. Kuma suna bi suna dubawa, tara ce mai zafi. Kare in ya wuce wata huɗu sai da lasisi da allurar ciwon haukan kare, to kafin ka karɓi karen wani ka duba ɗan ƙarfen da ke rataye a wuyansa. Saboda wannan tsananin ne ya sa 'yan wuraren da aka yarda a saki kare suke da daraja, kowa can yake turuwa.

Wanda kowa zai fara gaya maka shi ne Dog Beach na unguwar Ocean Beach, a ƙarshen titin Voltaire, daidai inda kogin San Diego ke faɗawa teku. Tun 1972 aka ware shi, yana cikin na farko-farko a duk Amurka, a buɗe yake dare da rana kuma fakin kyauta ne, in ka samu kenan, don ranar Asabar da hantsi sai ka yi ta zagaye kamar mai neman ɓataccen yaro. Wurin yana da kyau ba ƙarya, rairayi mai faɗi sosai, ɓangaren kogin ruwan a kwance yake ba zurfi, karen da ke tsoron raƙuman ruwa a nan zai koyi shiga, wanda kuma ya iya sai ku gangara ɓangaren teku. In ruwa ya ja baya filin har ninkuwa yake.

Amma ni gaskiya ba shi ne na ɗaya a wajena ba kuma zan faɗi dalili. Ba shinge. Daga rairayin zuwa wajen ajiye motoci ba abin da ya raba su, karen da bai jin kira in ya hango wani abu ya zuba da gudu to sai dai addu'a, ita karyar da nake riƙewa irin masu jan keken ƙanƙara ce, jinsin da aka san su da gudu da taurin kai, a gida in ka kira ta kafin ka rufe baki ta zo amma da zarar ta ji iskar teku kunnen nan ya toshe. Na biyu cunkoso, kowane irin mutum na zuwa, har da wanda zai saki karensa ya zauna yana danna waya bai san abin da dabbarsa ke yi ba, ya yi kashi a bar shi nan a rairayi duk da ga ledoji an rataye kyauta. Na uku kuma wanda ya fi damuna shi ne ruwan. Dattin kwatocin unguwanni da yawa in an yi ruwan sama ta kogin nan yake fitowa, shi ya sa hukumar lafiya ta yankin ke cewa a kauce wa shiga teku har awa 72 bayan ruwan sama, balle a bakin kogi. Mutane na gani da ido an kafa allon gargaɗi amma su jefa wa kare ƙwallo cikin ruwan, washegari a kwana ana zawo. In za ka je ka je da sassafe ranar aiki, lokacin tsofaffin unguwa ne kawai da karnukansu da suka san juna, wurin sai ya zama wani abu daban wallahi. Akwai shagunan wankan kare a nan kusa da za ka biya ka wanke da kanka, sun ba ka sabulu da tawul, in motar haya ce ko ta aro gare ka kar ka yi rowar wannan kuɗin.

Wanda na fi so kuma nake ba kowa shawara shi ne Fiesta Island, wani tsibiri da ke cikin Mission Bay, wato lungun da ruwan teku ya shigo cikin gari. In ka fara zuwa za ka ce wannan ne ake ta yabo? Ba itatuwa na kirki, ba ciyawar ado, busasshen fili ne da ƙasa da 'yan tsirrai, asalinsa ma da laka da yashin da aka yaso lokacin da ake gyara gaɓar aka tara shi. Amma can ciki akwai wani yanki da aka zagaye da waya kusan eka 90, sauran gefen kuma ruwa ne ya tare. Eka 90 fa! Gona ce guda, karen da ya fi kowa gudu zai yi ta yi har harshe ya fito bai kai ga mota ba. Kuma saboda faɗin, karnuka ba sa cunkushewa wuri ɗaya, wanda shi ne ke kawo faɗa, a ƙaramin fili in sabon kare ya shigo duk sai su yi masa caa a bakin ƙofa, wanda ke da tsoro sai ya kai cizo, a nan kuwa kowa tafiya yake, ku haɗu su sunsuni juna ku wuce. Ruwan gaɓar a kwance yake ba raƙumai, sai dai ɗan motsin da jiragen wasa ke tayarwa.

Aibinsa shi ma yana da shi. Ka taho da ruwan shanka da na kare don kar ka sa ran famfo, inuwa babu, da rana tsaka a watan Agusta ko Satumba ƙasar na zafi, ka ɗora bayan hannunka a ƙasa in ba ka iya jurewa to tafin kare ma ba zai iya ba. Titin da ya zagaye tsibirin hanya ɗaya ce, in ka wuce mashigar sai ka sake zagayowa gaba ɗaya, ga masu keke da ke atisaye a kai sai ka bi a hankali. A watan Yuli akwai wata gasar ƙwallo da sanda da ake kira Over-the-Line da suke yi a nan duk shekara a ranakun ƙarshen mako, waɗannan ƙarshen makon ka haƙura kawai. Sannan yana kusa da SeaWorld, wurin shaƙatawa da kallon dabbobin ruwa, in suna wasan wuta da daddare kare mai tsoron ƙara zai iya fizgewa, ka tashi kafin duhu. Akwai kuma wani yanki da aka killace saboda wani ɗan tsuntsun teku da ke ƙwai a ƙasa wanda doka ta kare shi, kar ka bari kare ya matsa wajen.

Sai babbar masifar wurin, wata ciyawa da suke kira foxtail. Ku ɗauka ƙarangiya ce amma mai kai kamar kibiya, in ta bushe daga ƙarshen bazararsu zuwa rani sai ta maƙale a gashin kare, kuma gaba kawai take shiga ba ta dawowa, tsakanin yatsu, cikin kunne, cikin hanci. In ka ga kare na ta atishawa ba ƙaƙƙautawa ko yana kaɗa kai ko yana lasar ƙafa ɗaya bayan kun dawo to kar ka jira, likitan dabbobi ne, kuma kowa ya san kuɗin likitan dabbobi a ƙasar nan ba wasa ba. Ni kafin mu shiga mota sai na bi ƙafa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya na buɗa yatsu na duba, minti biyu ne. In karen wani ne ma ya fi zama dole, don kai za a tambaya.

Coronado kuma wurin 'yan gayu ne. Sai ka haye doguwar gadar da ta haɗa shi da San Diego, ka bi Ocean Boulevard har ƙarshen arewa inda ya yi iyaka da sansanin jiragen sojan ruwa, rairayin fari tas mai laushi, daga nesa kana hango tsohon otal ɗin nan Hotel del Coronado da aka buɗe tun 1888. In hoto kake so na turawa gida nan ne. Daga inda ka yi fakin sai ka ɗan taka da igiya a wuyan kare har ka isa wurin da aka yarda, kar ka yi saurin kwancewa don gari ne mai zaman kansa da jami'ansa kuma ba sa wasa. Raƙuman ruwan sun fi na Dog Beach ƙarfi, ƙaramin kare ka sa masa ido. Abin takaicin shi ne 'yan shekarun nan ƙazantar da ke gangarowa ta kogin Tijuana daga iyakar Meziko tana sa a rufe bakin tekun kudu, Imperial Beach ya fi shan wahala amma har Coronado abin kan kai, to ka duba shafin hukumar kafin ka ƙona mai ka haye gada a banza.

Del Mar can arewa yana da nasa, a bakin kogin San Dieguito, mai kyau ne ƙwarai da tudu a bayansa, amma na lokaci ne. Daga washegarin hutun ma'aikata a farkon Satumba zuwa 15 ga Yuni ake sakin kare, da rani yawancin yini sai da igiya, kuma fakin ɗin na kuɗi ne. A Satumba har gasar hawan raƙuman ruwa ake yi wa karnuka a wurin, kare a kan allo sanye da rigar ruwa mutane na tafi, in na ba mafarautan garinmu labarin nan cewa za su yi na fara shaye-shaye.

In kuma ba ka da lokacin zuwa teku, kamar ranar aiki da kake da karnuka uku a jere, Balboa Park, babban filin shaƙatawa na tsakiyar gari, shi ne mafita, akwai wuraren sakin kare a cikinsa. Nate's Point da ke kusa da gadar Cabrillo an zagaye shi da shinge, eka biyu da 'yan kai ne, akwai famfon sha da 'yar inuwa, sai dai ƙafafu sun cinye ciyawar ƙura ce ke tashi, kuma da yamma bayan an tashi aiki cika yake yi maƙil. Grape Street ya fi faɗi ya fi itatuwa, Morley Field ma ba laifi, amma duka biyun ba a zagaye su gaba ɗaya ba, kuma Grape Street yana da awannin da aka ƙayyade saboda gidajen da ke kewaye, ka karanta allon.

To ni yadda nake rabawa mai sauƙi ne, ba kyan wuri nake dubawa ba, tambayar ita ce karen nan in na kira shi zai dawo? In karen da na saba da shi ne mai jin magana, Dog Beach da sassafe ko Coronado. In sabo ne da aka ba ni yau, ko mai taurin kai irin tawa, Fiesta Island cikin waya ko Nate's Point, ba na ko tunanin wani wuri. Kuma ko ina ka je kar ka bari ya sha ruwan gishiri da yawa, ka riƙa ba shi naka akai-akai tun kafin ƙishi ya kama shi, in za ka shiga ruwan da kanka ka riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa saboda wani kifi mai faɗi da ke kwanciya a rairayi yana da ƙaya a wutsiya. Sannan ka fara tambayar mai karen ko ya yarda a kwance masa igiya, wasu ba sa so sam, kuma ya rubuto maka amsar a saƙo ba a baki ba.